Ramin da Ka Cike a Bayan Masallacin Magina

Unguwar Magina,
Birnin Kudu.
Litinin, 16 ga Yuni.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Abdulsalami, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Sa'adiyya da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka buɗi na alheri, ya tsare motocinka da direbobinka a kan hanya, ya raba ka da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ragon layyar da ka aiko ya iso a kan lokaci, an yanka, an raba, har maƙwabta sun shaida. Gwaggo Kaltume tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta garau yake, kullum sai ta yi faɗa da mai kawo mata ruwa. Ummussalma ta sauka a Dingaya, an samu mace, an sa mata Basma, uwa da jaririya duk suna cikin lafiya. Shuka ta yi kyau a wajenmu a Gwaram, gero ya fito, ana shirin noman farko. Ni kuwa na zo gida tun jajibirin Salla da niyyar kwana uku, ga shi yau kwanana goma sha ɗaya ban koma ɗakina ba, kuma kai ne sanadi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Sau uku ina kiranka a kan maganar nan. Na farko ka ce kana tashar jiragen ruwa ana yi maka lodi. Na biyu ka ce sabis ba kyau, alhali ina jiyo ƙarar cokalinka a kan faranti. Na uku kuwa ka yi dariya, ka ce Yaya ta bar wa maza maganar gini. To ita takarda ba ta da sabis ɗin da zai ɗauke, ba kuma za ka katse ta ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, na san yadda ake zaunar da yaro ya saurara, ko da yaron ya yi furfura ya je Makka sau huɗu. Ga maganar a dunƙule kafin in warware maka ita. Bangon alƙibla na masallacin unguwarmu ya tsage, yana gab da faɗuwa. Ramin da ka sa aka cike a bayansa ne ya jawo. Kuma amincewarka ake buƙata kafin ranar Asabar, idan ana so a cece shi.

Tunda ka bar gida kana ɗan shekara goma sha bakwai, bari in tuna maka abin da Baba ya sha faɗa mana a tsakar gida, lokacin da kai hankalinka yana wajen tasha kana ƙirga motoci. Kakan Baba, Malam Ishiyaku, shi ya gina masallacin nan, tun Turawa ba su iso ƙasar nan ba. Shi da 'yan'uwansa magina ne, daga su unguwar ta samo sunanta. Rani uku suka yi suna aikin, domin ginin ƙasa ba ya son gaggawa: a ɗora tubali 'yan layuka, a bar shi ya sha rana ya bushe, sannan a ƙara. Kowane tubali da hannu aka mulmula shi. Gindin bangon kuwa kaurinsa ya kai mutum ya kwanta a gicciye, yana tafiya sama yana sirancewa, shi ya sa ya ɗauki nauyin rufin duk shekarun nan bai taɓa nishi ba. Azarar da aka yi rufin da ita daga fadamar wajen Maruta aka saro giginyarta, jakuna suka yi ta jigila, kuma Baba ya ce Malam Ishiyaku da kansa yake ƙwanƙwasa kowace ɗaya ya saurari sautinta, wadda bai yarda da ita ba a mayar da ita gefe. Har yau gara ba ta ci ko guda ba.

Ban sani ba ko ka taɓa ɗaga kai ka dubi sama a cikin masallacin nan, ko kuwa da an sallame kake neman takalminka. Ginshiƙai huɗu ne a tsakiya, daga kowannensu bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya tarar da ɗan'uwansa, har suka haɗu a can ƙololuwa inda aka manna wata tsohuwar tasar tagulla. Babu ƙusa ko ɗaya a wurin. Azara ce gajeru-gajeru aka riƙa ɗorawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har bakan ya rufe kansa. Tagogin ƙanana ne, can sama, don haske ya shigo zafi ya tsaya a waje. Da tsakar ranar bazara, lokacin da masallatan kwano suke gasa mutane, tsofaffin unguwar nan can suke zuwa su jira azahar. Liman yana karatu a mihirabi ba tare da lasifika ba, na sahun ƙarshe yana jin kowane harafi. Ga matakalar ladan a waje ta gefen kudu, wadda ƙafafun mutane suka lotsa tsakiyarta, ga zanko huɗu, tsinin nan na ado, a kusurwoyin rufi. Ina yarinya ni nake share shi da hantsi, na san kowane lungu nasa fiye da yadda na san ɗakin aurena. Ba na cewa ya fi kowane masallaci a ƙasar nan. Cewa nake yi namu ne, kuma in ya faɗi babu mai iya sake irinsa.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, kuma ba ka tambaya ba. Ramin nan da ka kira kududdufin ƙazanta, ba rami ne kawai da aka haƙa aka manta ba. Daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina masallacin, kuma da gangan Malam Ishiyaku ya haƙa shi a inda yake, taku talatin a bayan alƙibla, ta wajen gangare. Ya karkatar da rufin kaɗan zuwa gabas, yadda indararo biyar ɗin nan duk ta can suke zuba. Ya shimfiɗa magudana ta duwatsu a gindin bango, ta kwashi ruwan rufi ta haɗa da wanda yake gangarowa daga kan dutse, ta kai shi ramin kai tsaye. Ruwan sama kuwa duk shekara sai ya zaizayi jikin masallacin, wannan ba makawa, haka ginin ƙasa yake. To ita wannan ƙasar da ruwa ya wanke, ba ɓata take yi ba, a ramin take kwanciya. Idan rani ya yi ramin ya ƙafe, maza su shiga su haƙo ta, a zuba yankakkiyar ciyawa, a cuɗa da ƙafa, a bar ta mako biyu ta tsima. Mu mata kuma idan ɗorawa ta nuna, kowane gida ya tara ɓawonta, mu daka, mu jiƙa, a sami makuba, wato ruwan nan mai duhu da ake kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi don ruwa ya riƙa zamewa. Kafin ruwan farko an mayar wa masallaci ƙasarsa. Haka ake yi tun zamanin kakan Baba, ƙasa ɗaya ce take sauka tana hawa. Abin da ka binne a ƙarƙashin ɓaraguzan tifofinka, jikin masallacin ne da kansa.

Ba zan zalunce ka ba. Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Ka zo bara ka ga ramin cike da ledoji da gwangwanaye, sauro ya hana mutane sakat, ka ce abin kunya ne a bayan ɗakin Allah. Gaskiyarka. Shekara uku ba a yi cikakken yaɓe ba, samari sun tafi acaba da kasuwa, masu zubar da shara suka sami wuri, kuma wannan laifinmu ne mu duka, har da ni. Na san kuma ka ce shaguna shida za ka gina ka bar wa masallaci su zama sadaka mai gudana ga Baba da Inna. Allah ya ba ka ladan niyyarka. Amma, Abdulsalami, wurin da ya yi datti share shi ake yi. Wa ka tambaya kafin ka aiko da umarni? Filin gadonmu ne, ina da rabona a ciki, ko da rabin naka ne, amma ban ji daga bakinka ba. A Gwaram wata ta tare ni a kasuwa ta ce ƙanena yana gyara bayan masallaci, ni kuma don wauta har na tsaya a tsakiyar kasuwa ina sa maka albarka. Baffa Barau, ƙanen Baba, wanda shi kaɗai ya rage a duniya da ya san yadda ake ɗaure bakan gizo a gidanmu, yana kwance a Kano an yi masa aikin ido. Sati uku kacal ya yi. Ka kasa jiran sati uku. Ka ɗora Jafaru a kan aikin, yaron da na koya wa karatu a aji uku, wanda iliminsa na gini bai wuce sanin inda ake sayar da siminti ba. Kwana tara tifofi suna juye ɓaraguzai. Baffa ya dawo da auduga a ido ɗaya, ya duba da ɗayan, ya ga fili fetal. Gwaggo Kaltume ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Baffa ya yi magana tun a lokacin. Ya je ya sami Jafaru ya ce masa ko ba za a buɗe ramin ba, a bar wa ruwa hanyarsa. Jafaru ya ce masa zane ya riga ya zo daga Fatakwal, wani injiniya ne ya yi, ba a canza shi. Ina so in san ko injiniyan nan ya taɓa taka Birnin Kudu, ko ya taɓa ganin yadda ruwa yake saukowa daga kan dutsen nan a watan Agusta. Aka haƙa harsashin shagunan ya ratsa ta kan magudanar, aka tone duwatsun da Malam Ishiyaku ya jera aka zuba su a cikin kankare. Sannan don kada ruwa ya shiga shagunanka, aka ɗaga daɓensu ya fi gindin masallaci tudu. Ka ga an yi wa shaguna dabara ke nan. Shi ruwa da ba a yi shawara da shi ba, da ya zo ya tarar an toshe masa hanya, sai ya juya ya kwanta a inda ya samu, wato a jikin bangon alƙibla.

Ruwa huɗu aka yi bana zuwa yanzu, na ranar Laraba ne mai ƙarfi. Washegari da hantsi, bayan mutane sun watse, Baffa ya kama hannuna ya kai ni in gani da idona. A bayan masallaci ruwa ne kwance har ƙauri, tsakanin bango da shagunanka, ba shi da mafita. Danshi ya hau bangon ya kai ƙugu, ƙasar ta yi baƙi, na danna yatsa ya shige kamar a cikin tuwon da bai huce ba. Muka shiga ciki. Tsaga ta taso daga daɓe ta gefen dama na mihirabi, ta hau har gindin bakan gizo, na sa hannuna a ciki ya shige har wuyan hannu. Wurin yana warin rijiya. Na tsaya ina kallo, sai kawai na ji hawaye. Daga baya hawayen ya koma ɓacin rai, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai sauka ba. Masallacin da ya ga yunwa, ya ga fari, ya ga shekarun da ruwa ya rushe rabin gidajen unguwar nan bai ko girgiza ba, yau jikan gidan ne zai kayar da shi da sunan sadaka.

Liman ya daina tsayawa a mihirabi, ya ja baya zuwa tsakanin ginshiƙai, an bar sahu biyu na gaba ba kowa. Ba kowa sai mutum ɗaya. Baffa ya ce shekara hamsin yana salla a gefen dama na sahun farko, a nan ubansa ya yi, ba zai tashi ba. Da liman ya nuna masa cewa ba a shiga gaban liman, sai ya koma bin jam'i a baya, amma da an sallame ya taka zuwa wurinsa ya yi nafila ya zauna lazimi a ƙarƙashin tsagar. An yi rarrashi, an yi faɗa, ko gezau. Ya tokare bangon da azara uku da ya ciro daga rufin tsohon ɗakinsa, yana kwana a zauren masallacin. Da safe za ka gan shi da bokiti yana kwarfar ruwa daga bayan bango yana kaiwa titi, mutum ɗan shekara saba'in da takwas, mai ido ɗaya da rabi. Samarin unguwa suna taya shi, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma abin da suka kwashe a yini uku hadari ɗaya ne yake mayar da shi.

Shi kuwa Jafaru, kullum da sabuwar hikima. Da farko ya ce a yaɓe bangon da siminti. Baffa ya ce masa siminti a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa rufe ciwo ne da ƙyalle, danshin zai rasa ta inda zai fita, bangon ya ruɓe daga ciki. Sai ya sa aka kawo tifa guda ta jar ƙasa daga bakin titin Gwaram, ya ce ga ƙasa nan tunda ƙasa ake kuka. Baffa ya ɗebi kaɗan ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya watsar, ya ce yashi ya yi mata yawa, ba za ta kama jikin tsohon bango ba, damina ɗaya za ta ɓare ta zubo. Daga nan ne Jafaru ya faɗi abin da ya sa na kusa manta cewa ya girma. Ya ce ai ba abin tayar da hankali ba ne, Alhaji ya taɓa cewa in tsohon ginin ya gaji, zai yi wa unguwa sabo na bulo mai tayil da hasumiya biyu. Ina fata ƙarya ya yi maka. In kuwa da gaske ka faɗa, to ka sani masallacin bai gaji ba, ƙafa aka sa masa. Masu tayil suna nan birjik daga nan har Fatakwal, kowa da kuɗinsa yana iya yin irinsu cikin wata shida. Ka nemo mini mutum ɗaya a cikin injiniyoyinka da zai rufe ɗaki da guntayen giginya da igiya ya shekara ɗari.

Abin da Baffa yake nema ba shi da yawa. A rushe shaguna biyu na tsakiya, waɗanda ko rufi ba a yi musu ba tukuna, a buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa. A kwashe ɓaraguzan rabin ramin har a tarar da ƙasar asali. Sauran huɗun su tsaya, ba mai taɓa su, a kewaye ramin da katanga don yara da masu shara. Ya ce in an yi haka a cikin watan nan, bangon zai tsane, zai ɗinke tsagar da ƙasarta, ya koya wa duk saurayin da yake so. In kuwa aka kai ruwan Agusta a haka, ya ce kada kowa ya tambaye shi, domin in bangon alƙibla ya tafi, bakan gizo biyu a kansa suke, rufin gaba ɗaya zai biyo baya.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi. Yau da safe aka taru a zauren Mai Unguwa: shi, da liman, da Baffa, da Jafaru, da dattawa kamar goma. Aka kira ni saboda ina da rabo a filin, na zauna daga bakin ƙofa. Kowa ya yarda da maganar Baffa, har waɗanda a da suke yi masa kallon mai rikicin tsufa. Sai Jafaru ya ce shi ɗan aike ne, ba za a taɓa bulo ko ɗaya ba sai Alhaji ya ce, kuma Alhaji ya kafa masa doka kada ya kira shi a kan maganar gida sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mai Unguwa ya ce ba shi da ikon rusa ginin mutum ba da izninsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wani ya ce ai an ji Alhaji ba ya son maganar, ko an jira Juma'ar ba abin da zai canza. Baffa ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce shi ke nan, ya gode, zai koma wurin zamansa, duk abin da ya sami bangon ya same su tare. Na dubi bayansa yana neman takalmi da ƙafa, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce a dakata. Na ce jiya da la'asar mun yi waya da kai, na yi maka bayani, ka ce a rushe shagunan biyu, a buɗe ramin, masallacin kakanka ya fi maka komai.

Ƙarya na yi, Abdulsalami. Ni Safiyatu, da shekara sittin da uku, wadda ta sha zane 'ya'yan mutane a kan ƙarya, na zauna a gaban liman da dattawan unguwar ubana na shirga ta, kuma da sunanka. Ba wanda ya yi shakka, domin ba a san ni da ita ba. Liman ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a mai tsawo, ya haɗa da Baba da Inna, kowa yana cewa amin, ni ma ina cewa amin. Jafaru kaɗai ya ƙura mini ido. Ya buɗe baki ya rufe, ina jin ya tuna aji uku ne, daga ƙarshe ya ce to, zai tabbatar daga bakinka ranar Juma'a. Aka tsayar da Asabar da safe za a fara aiki. Na dawo gida na yi alwala na yi ta istigfari. Ba na kare abin da na yi, zunubi ne, kuma ni zan amsa shi a gaban Allah. Amma ina jin haushinka a kansa, ba zan ɓoye maka ba, domin da ka saurare ni minti biyar a waya da ban kai ga haka ba.

Ga yadda abin yake. Direbanka Iliyasu zai taso gobe da safe, ya ce in Allah ya kiyaye hanya takardar nan za ta shiga hannunka ranar Alhamis. Juma'a Jafaru zai kira ka. In ka ce masa haka ne, ka yarda, to maganar da na faɗa ta zama taka, a sa diga ranar Asabar, sauran kuma tsakanina da Ubangijina. In ka ce ba ka san zancen ba, ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan roƙe ka ka yi ta domina ba. Ba zan jira Jafaru ya tona ni ba. Da ƙafata zan koma zauren Mai Unguwa in faɗa da bakina cewa ni na ƙirƙira, ƙanena bai taɓa yarda ba. Na san abin da zai biyo baya, ba zan ƙara buɗe baki a unguwar nan a saurare ni ba, kuma na ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in zauna a Gwaram ina sauraron tsawa, ina jiran a bugo mini waya daga gida. Ba na neman ka ce ka yi kuskure, na san ka tun kana goye, wannan kalmar ba ta taɓa fita daga bakinka da sauƙi ba. Cewa kawai za ka yi, a yi yadda Yaya ta faɗa.

Ka gaishe mini da Sa'adiyya da kyau, ka ce mata na ga atamfar, na gode, Allah ya bar zumunci. Ka gaishe da Abdulsamad, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da Khuzaima, da 'yar auta Halimatussa'adiyya, ka ce mata ni gwaggonta ina nan ina ajiye mata aya. Gwaggo Kaltume tana gaishe ku, A'i da yaranta suna gaishe ku, liman da Mai Unguwa sun ce a isar maka da godiyarsu. Baffa Barau kuwa ya biyo ni har gida da ya ji zan rubuto maka. Ya ce in gaishe ka gaisuwa ta musamman, in gaya maka duk abin da ya riƙe ka da shi a zuciya tun bara ya yafe, duniya da lahira. Ya ce da ya ɗauka gidan Malam Ishiyaku ya ƙare a kansa, ashe da saura. Ya riga ya kai digarsa maƙera a wasa masa ita. Yana maganar ina duban tabarma, na kasa haɗa ido da shi.

Allah ya sada mu da alheri, ya nuna maka daidai ya ba ka ikon bin sa. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Safiyatu Ishiyaku Magina.